Kuɗin Tukunya Daban, Kuɗin Rufi Daban



Yau a kan kuɗin tallafi za mu yi magana, irin wanda gwamnati ko wata ƙungiyar agaji ke damƙa wa talaka a hannu ba tare da ta gindaya masa sharaɗi ba. Ba bashi ba ne balle a dawo karɓa, kuma ba wanda zai biyo ka gida ya ce nuna mini abin da ka saya. Mutanen da ke cikin raina yayin da nake wannan magana su ne na Dakko da sauran ƙauyukan ƙasar Bakura, da maƙwabtansu na Maradun da Talata Mafara: manoma, masu ƙwadago, matan aure, zawarawa, da iyayen marayu. A alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2019, kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara suna ƙasa da ma'aunin talauci. A wuri irin wannan, in aka ce za a zaɓo talaka a ba shi tallafi, tambayar ita ce wa za a bari.

Duk wanda ke zama a majalisa ya san abin da ake faɗa da zarar an taɓo wannan batu. Wani ya ce ai in ka ba talaka kuɗi aure zai ƙara. Wani ya ce mace ce fa, gidan biki za ta kai su. Wani kuma, galibi mai ɗan albashi, ya gyara zama ya ce sangarta mutane kawai ake yi, gobe ba mai zuwa gona. Ban raina masu wannan magana ba, domin kowa ya taɓa ganin wanda ya samu ya watsar. Sai dai abin da ya faru ga mutum ɗaya a unguwarku ba ya isa a yanke wa dubban gidaje hukunci da shi, musamman tunda an gwada abin a nan cikin jiharmu, kuma an bi diddiginsa shekara da shekaru.

Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri na tallafa wa mata masu juna biyu a ƙananan hukumomin Anka da Tsafe, da kuma Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a jihar Jigawa. Gwamnatin Birtaniya ce ta sa kuɗin, ƙungiyar Save the Children ta riƙe ɓangaren Zamfara, Action Against Hunger ta riƙe na Jigawa. Anka dai ba nesa ba ce, mazaɓarsu ɗaya da Talata Mafara a majalisar wakilai, noma iri ɗaya, cima iri ɗaya. Tsarin mai sauƙi ne. Da zarar an tabbatar mace na da ciki kuma mazauniyar garin ce, za a riƙa ba ta naira 3,500 duk wata har abin da ta haifa ya cika shekara biyu. Daga 2017 aka mai da kuɗin naira 4,000. Ana haɗa wa da faɗakarwa kan shayarwa da abincin yara, amma ba a ɗora mata dole kan yadda za ta kashe ko sisi ba.

Abin da ya sa wannan shiri ya zama hujja shi ne yadda aka auna shi. An ɗauki ƙauyuka 210, aka jefa ƙuri'a, wasu suka fara karɓa, wasu aka ce su dakata sai daga baya. Masu bincike suka riƙa bibiyar mata kimanin 3,600 da 'ya'yansu, suna auna tsawo da nauyi, suna tambayar me aka ci, me aka saya. Da aka wallafa sakamakon a 2021, an samu cewa bayan shekara huɗu tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin 100 a ƙauyukan da suka fara karɓa. Maganar sangarta kuwa, akasinta aka gani. Matan da suka karɓi kuɗin sun fi shiga sana'a, sun fi mallakar dabbobi, kuma galibinsu su ke da ta cewa a kan kuɗin, mazajen ba su ƙwace ba.

A Kebbi ma an yi irin wannan gwaji tsakanin 2015 da 2017, inda aka ba matan gidaje mafi talauci naira 75,000 a cikin wata 15, wasu 5,000 duk wata, wasu 15,000 duk bayan wata uku. Masu binciken Bankin Duniya da suka bi sawun abin sun tarar matan sun ƙara tashi neman na kansu. A Jamhuriyar Nijar, inda gwamnati ta daɗe tana ba gidajen karkara sefa 10,000 duk wata, an ga kuɗin na komawa kiwo da adashi. Har ila yau wasu masana biyu, David Evans da Anna Popova, sun tattara bincike 19 daga nahiyoyi daban-daban don su ga ko irin wannan kuɗi na tafiya ga giya da taba, ba su ga haka ba.

To me ya sa kuɗi kaɗan haka ke yin tasiri? Sai mun shiga cikin gida a watan Agusta za mu gane. Rumbu ya kai ƙasa, gero bai nuna ba, marka ta sauka, zazzaɓi ya kwantar da yara biyu. Maigida na da gona, amma in ya tafi tasa gonar yau ba abin da za a ɗora a murhu da dare. Sai ya saɓi fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo kuɗin tiya ɗaya, tasa gonar kuwa ciyawa ta ci ƙarfinta. In abin ya ƙi, ya je ya ciwo bashin hatsi da alkawarin biya da kaka, kuma kowa ya san ba abin da ya karɓa kaɗai zai mayar ba. In ya ƙara ƙi, a kama akuyar matar a kai kasuwa a lokacin da kowa ke sayarwa, a ba da ita a wulaƙance. Na ƙarshe shi ne jinginar da gona. Talaucin karkara a wannan wata yake ɗaure mutum, ya shiga sabuwar shekara da bashin tsohuwa. Naira dubu huɗu ta wancan lokaci ba ta sa kowa ya yi arziki ba, amma ta isa ta sa maigida ya yi kwana uku a gonarsa maimakon ta wani, ta isa ta hana a kama akuyar.

Ita kuma matar, da ta tabbata wata mai zuwa ma kuɗin na tafe, sai ta yi ƙarfin halin cire wani abu ta sayi tiya biyu ta gyaɗa. Ta soya, ta kai inji, ta matse mai ta ɗura a kwalba, tunkuzar ta murza ƙuli-ƙuli, yarinya ta kai bakin kasuwa. Ribar ba yawa, amma tana juyawa. Bayan 'yan watanni ta haɗa ta sayi 'yar akuya, ta riƙa ba ta dusa da harawa. Cikin akuya wata biyar ne, kuma ba abin mamaki ba ne ta haifi biyu. Hausawa sun riga sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matan nan ba dabara suka rasa ba, sun gaji sana'ar daga iyayensu. Jarin ne kullum tukunya ke cinyewa.

Yanzu mu zo kan muhalli, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauko wannan batu, domin a nan ne nake ganin masu tsara tallafi a ƙasar nan ba su yi dogon tunani ba.

Ɗakin talaka a yankinmu na ƙasa ne. Ko dai jinka ce a sama, ko rufin soro, azara a jere an zuba ƙasa an daɓe. Ɗaki ne mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu, amma yana da haƙƙi a kan mai shi duk shekara. Kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo. Jinka kuwa sai an nemo ciyawa an sabunta ta, ga shi dajin da ake yankowa yanzu ba kowa ke iya shigarsa ba. Shekarar da ƙarfi ya gaza ba a yi gyaran ba, damina za ta tona asiri. Ruwa ya fara ɗiga ta tsakiyar rufi, a tara kwano a nan, a tara roba a can, a naɗe tabarma a koma lungu guda a tsugunna har gari ya waye. Gara ta ci azara ba wanda ya sani. Katanga ta sha ruwa daga gindi ta fara kumburi. Kowace damina sai mun ji labarin ɗakin da ya rufta wa mutane cikin dare, kuma yawanci yara ne da tsofaffi. Wanda ya ga abin da ambaliyar watan Agustan 2024 ta yi wa gidajen ƙasa a Gummi ba ya bukatar ƙarin bayani.

Me ake bukata a fita daga wannan? Bandir na kwano, katako, ƙusa, kuɗin kafinta, in da hali buhun siminti biyu ko uku a ɗaure gindin bango a shafe daɓe. Duk waɗannan a rana ɗaya ake bukatarsu. Ba a rufe rabin ɗaki a bar rabi sai wata mai zuwa. In ka tara naira 4,000 ta wata 24 za ka samu 96,000, wanda a farashin 2017 kuɗin rufe ɗaki ne. Amma wace mace ce za ta ɓoye dubu huɗu a ƙarƙashin gado har shekara biyu, yaro na kukan yunwa, maƙwabciya ta haihu, ƙanin miji na kwance asibiti? Kuɗin da ke zuwa kaɗan-kaɗan tukunya ce ke da haƙƙinsa, kuma daidai ne ta ci. Rufi sai kuɗi a dunƙule.

An gwada wannan ma, a ƙasar Kenya. Tsakanin 2011 da 2013 wata ƙungiya mai suna GiveDirectly ta raba kuɗi ta wayar salula a yankin Rarieda da ke yammacin ƙasar. Yadda ma suka gane talaka shi ne su duba rufin gidansa, in na ciyawa ne a rubuta shi. Wasu aka ba su kuɗinsu gaba ɗaya, wasu aka rarraba musu cikin wata tara. Masu bincike biyu, Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro, suka dawo suka duba. A cikin gidajen da ba a ba komai ba, 16 cikin 100 ne suka kai ga rufin kwano. A cikin waɗanda aka ba, kusan 40 cikin 100. Da aka kwatanta rukuni biyun da suka karɓa, sai aka ga masu karɓa wata-wata sun fi samun wadatar abinci, masu karɓa a dunƙule sun fi yin rufi. Ba wanda ya ce musu su yi rufin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wani abu da aka gani daga baya a can Kenya ɗin wanda zai sa matan Dakko murmushi. A wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa na farko a ƙarshen 2023, an yi wa wasu ƙauyuka alkawarin kuɗin wata-wata har shekara 12. Da mutanen suka tabbata kuɗin ba zai yanke ba, sai suka riƙa zuba shi a adashi, mai kwasa ya kwashi mai kauri ya buɗe sana'a. Wato dai talaka da kansa yake dunƙule kuɗin in an ba shi a warwatse. Uwar adashi ta san wannan tun kafin a haifi masu binciken. Amma ku lura da sharaɗin: adashi ba ya yiwuwa sai kowa ya san ranar da kuɗi zai shigo hannunsa. Zubi ɗaya aka tsallake, amana ta karye.

Ban ce kowa ya yi rufin kwano ba. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu a Bakura ya san azabarsa, kuma akwai dattawan da ko kyauta aka ba su ba za su rabu da soro ba. Wani abin da ya dame shi ƙyaure ne mai makulli. Wata masai take so a haƙa a cikin gida don 'yan matanta su daina fita bayan gari da dare. Wani ɗaki ɗaya yake so ya ƙara don ya raba samarin 'ya'yansa da ƙannensu mata. Jami'in da ke zaune a ofis a Abuja ko Gusau ba zai iya sanin wannan gida-gida ba, shi ya sa rashin sharaɗin ke da amfani. Kuma kada a ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Zamfara na da hukumar zakka da waƙafi tun farkon shekarun 2000, kuma malamai sun karantar da mu cewa wanda aka ba zakka ta zama mallakinsa, ba a bin sa a ce me ka yi da ita.

Kada kuma a zaƙe a ce kuɗi na maganin komai. A Yuganda an ba matasa jari na kimanin dala 400 kowanne a 2008. Bayan shekara huɗu sun fi takwarorinsu samu sosai. Bayan shekara tara takwarorin sun kamo su a kuɗin shiga, sai dai waɗanda aka ba ɗin sun fi su kadarar gida. Tallafi na rage wa mutum shekarun wahala, amma ba ya gina asibiti, ba ya kawo malami aji, ba ya shimfiɗa kwalta daga ƙauye zuwa kasuwar Talata Mafara.

To ina aka kwana a shirin gwamnatin tarayya? A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara biyan naira 5,000 duk wata ga gidajen da ke cikin rajistar talakawa ta ƙasa, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000. An yi amfani da rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya, da kuma dala miliyan 322 daga cikin kuɗin Janar Sani Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. Shekaru suka yi ta tafiya, farashin tiya na hawa, dubu biyar na nan inda take. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar da sabon shiri a watan Oktoba, naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Ba a je ko'ina ba, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin tura naira miliyan 585 asusun wani mutum, aka kuma dakatar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci.

Ku yi wannan lissafi da ni. Naira 25,000 sau uku 75,000 ke nan, daidai da abin da aka ba matan Kebbi daga 2015. A lokacin, dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, wato kuɗin ya doshi dala 380. A 2024 dala ta kai naira 1,500, wato 75,000 ta koma dala 50. A farkon shekarar buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, tsadar abinci kuwa ta kai kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. Adadin bai canja ba, amma abin da zai saya ya zube. Kuɗin da a jiya zai yi jari ya yi rufi, yau cefanen 'yan makonni ne. Sa'an nan in aka zo aka ce an raba biliyoyi ba a ga canji ba, sai a ɗora wa talaka laifi.

Ga kuma maganar wa aka rubuta, wa aka bari. Mutanen wannan yanki ba yau suka fara ganin jami'i da takarda yana rubuta suna ba. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, an karɓi gonaki, an tashi ƙauyuka, an yi alkawarin diyya. Rigimar wanda aka biya da wanda aka tsallake da nawa aka biya ita ta sa manoma suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, rayuka da dama suka salwanta. Jikokin waɗannan manoma ne ake ce wa yau su kawo lambar katin ɗan ƙasa da ta banki za a turo musu kuɗi. In suka nuna shakka, suna da dalili. Rajistar da ba a karanta ta a bainar jama'a ba, kowa zai ɗauka ta 'yan siyasa ce, ko da kuwa ba haka ba ne.

Sai babban abin da ya bambanta mu da Kenya da ma Anka ta 2014, wato ɓarayin daji. Duk ribar da muka lissafa ta ginu ne a kan zaton cewa akuyar da aka saya za ta kwana a turke, mai ɗakin da aka rufa zai ci gaba da kwana a cikinsa. A yau akwai ƙauyuka a Maradun da Bakura da Talata Mafara da wannan zato ba ya tsayuwa. Dabba ita ce abin da ake fara korawa. Sabon kwano mai ƙyalli a tsakiyar jinkaye sanarwa ce cewa gidan nan an samu wani abu. Mutumin da bai san ko zai kai kaka a garinsu ba, ba zai zuba kuɗinsa a bango ba, kuma ba wauta ya yi ba. Inda ɓarayin suka ɗora wa gari haraji kafin su bari a yi noma ko girbi, gida-gida ake rabawa, kuma ba makawa wani ɓangare na tallafin can zai tafi. Waɗanda suka riga suka gudo cikin Talata Mafara ko Gusau kuwa, suna raɓe a kangwaye da gidajen 'yan uwa, muhalli a wurinsu kuɗin haya ne, kuma mai gida ba ya karɓar haya kaɗan-kaɗan.

Hatta hanyar isar da kuɗin matsalar tsaro ta taɓa ta. A tara mata ɗaruruwa a fili guda ranar biya, kowa ya san da kuɗi za su koma gida, haɗari ne. A ce ta waya za a tura, to mun ga watan Satumban 2021 da aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako. Mun ga farkon 2023 da takardar naira ta ɓace, mai POS ya riƙa yankar abin da ya ga dama. A gundumar Siaya ta Kenya, inda aka ba gidaje sama da 10,500 kimanin dala 1,000 kowanne, an lissafa cewa kowace dala ta haifar da hada-hadar kusan dala biyu da rabi a yankin, har waɗanda ba a ba komai ba sun amfana, farashi kuma bai tashi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma hakan ya yiwu ne saboda hanya a buɗe take, ɗan kasuwa na iya kawo kaya. A garin da motar hatsi ba ta shiga sai da rakiya, in aka zuba kuɗi ba a buɗe hanya ba, mai shago ne zai ƙara wa tiya kuɗi.

Duk da haka ban yarda a ce a dakatar da tallafi sai tsaro ya samu ba. Yaron da ke cikin shekaru biyun farko na rayuwarsa ba zai jira ba, in ya tsumbure ya tsumbure ke nan. Abin da nake kira gare shi shi ne a riƙa tambayar mai karɓa. Ranar da ake rubuta suna, a ce mata: Inna, wata-wata kike so, ko a haɗa miki? Mai goyo za ta ce wata-wata. Wanda bangonsa ya tsage zai ce a haɗa. Gwajin Kebbi ya riga ya nuna biyan wata uku-uku bai cutar da matan ba, ga shi ya rage yawan zirga-zirgar masu biya. A kuma dubi kalandar manomi maimakon ta ofis. Kuɗin da ya shigo watan Mayu iri ne da taki. Wanda ya shigo Agusta abinci ne da magani. Wanda ake so ya zama ɗaki sai ya shigo da rani, bayan kaka, lokacin da tubali ke bushewa kuma magini na gari. Wannan bai ƙara wa gwamnati ko kwabo ba, tsari ne kawai.

Ga gwamnatin Dauda Lawal a Gusau, da ma'aikatar jinƙai a Abuja, da ƙungiyoyin da ke aiki a yankin nan: in kun ce ranar kaza za a biya, to a biya ranar, domin a kan alkawarinku mace ta shiga adashi. In tiya ta ninka, a duba adadin. A karanta sunaye a ƙofar maigari, gaban liman da kansila da matan gari, wanda aka tsallake ya san inda zai kai kuka ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Gusau ba.

Ku kuma 'yan uwa masu saurare a Dakko da kewaye, shiga rajistar tallafi kyauta ne. Duk wanda ya ce ku ba shi wani abu ya sa sunanku, ko ya ce in kuɗin ya fito a raba da shi, ku kai maganarsa gaban maigari. Kada ku ba kowa lambar sirrin katinku, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Magidanta kuma, in sunan maiɗakinku ne ya fito, ku zauna ku yi shawara a kan abin da gidan ya fi bukata kafin ruwa ya sauka, amma ku bar kuɗin a hannunta, domin a Anka da Tsafe da aka bar su a hannun mata, yaran gidan ne suka fara cin moriyarsu.